Duwatsun Ɗakin Inna

"Wai don Allah, wa yake tara wa mutanen ƙetare duwatsu ne?"

Akwai wata ƙaramar matar aure mai yawan kunya, wadda har yau Amarya ake ce mata ko da yake auren ya kwana biyu. A bakin famfo ta tsinci wannan tambayar, kuma ba ita aka yi wa ba. Matar mai faci ce ta jefo ta tana ɗauraye bokiti, sauran mata suka yi caa.

"Aljanu ne," in ji wata.

"Aljanun da suka ga tsofaffi suka ji tausayi? To su zo su gyara min katanga mana."

Aka kwashe da dariya. Amarya ba ta yi ba. Ta sunkuyar da kai tana kallon ruwa yana cika mata tulu, don tun jiya take neman wani dutse a bayan gidansu ba ta gan shi ba.

Amma bari mu koma baya, ku ji yadda aka yi.

Garin nasu rafi ne ya raba shi biyu. Akwai tudu, inda makaranta da ɗakin shan magani da famfo suke. Akwai ƙetare, inda yawancin matasa suka tafi birni neman abin yi, suka bar tsofaffi da mata da yara. Da rani rafin yashi ne kawai, ko akuya tana tsallakawa. Da damina kuwa sai ya cika ya batse, mutumin ƙetare ya zama kamar wanda aka kulle a ɗaki.

A shekarar nan sai ga asusun raya karkara ya iso yankin. Wata jami'a ce ke kula da shi, mai zuwa a kan babur da hular kwano, har yara suka sa mata suna Anti Mai Babur. Ta tara jama'a a filin makaranta ta yi musu bayani dalla-dalla.

Ba a ba kowa kuɗi a hannu. Kowace shiyya za ta kafa ƙungiya, ta zaɓi shugaba, ta kawo aiki ɗaya da take so. Asusu zai sayi siminti da rodi da kwano, ya biya magina. Jama'a kuma su kawo nasu kason, wato dutse da yashi da ruwa.

A wurin kowane aiki ta kafa doguwar sanda, ta shafa mata jan fenti a wuya. Ta ce ranar da za ta dawo, duk ƙungiyar da tulin duwatsunta bai kai jan fentin nan ba ta fita daga takara. Waɗanda suka cika kuma, shugabannin dukan ƙungiyoyin yankin za su zauna su ɗaga hannu, a ba wanda buƙatarsa ta fi tsanani. Kuɗin garinsu na bana aiki ɗaya kawai zai ɗauka.

Tudu suka ce rumfunan kasuwa suke so. Ƙetare suka ce gada.

Kowa ya san in aka je ɗaga hannu gada ce za ta ci. Amma kowa ya san ƙetare ba su da masu ɗaukar dutse. Saboda haka mutanen tudu suka kwantar da hankalinsu. Ba wanda ya faɗa da baki, amma fatansu ɗaya ne, kada tulin ƙetare ya kai jan fenti.

Shugaban ƙungiyar tudu shi ne surukin Amarya. Baba Murtuk ake ce masa a bayan idonsa, don an ce tun da aka haife shi ba a taɓa ganin haƙoransa a waje ba sai in yana cin rake. Manomi ne, yana da amalanken jaki, gonarsa kuma a bakin rafi take.

A bayan gidansa akwai wani tulin duwatsu da ya daɗe yana tarawa. Duk dutsen da garma ta tono a gona, duk wanda ya fasa a gindin tsauni, nan yake kawo shi. Ɗaki zai gina wa matarsa, Inna, don nata na ƙasa ne, damina na zuwa bangon ya jiƙe, sanyi ya shiga mata gwiwa.

"Tun ina da haƙora talatin aka yi min alkawarin ɗakin nan," Inna takan ce in ta so tsokana. "Yanzu saura na gaba kawai. Malam, ko sai sun ƙare za a aza harsashi?"

"Ki ci gaba da ƙirga su," Baba yakan ce, fuska a ɗaure. "Aiki ne ya same ki."

A cikin tulin nan akwai wani faffaɗan dutse mai ɗan rami a tsakiya kamar tafin hannu. Amarya ta mirgino shi gefe, kullum da safe ta zuba ruwa a ramin 'yan tsakinta su sha. A gidan da ba ta saba ba, inda take jin nauyin kowa, bayan gida ne wurin da take sakin jiki, ita da kajinta da wannan dutsen.

Mijinta tela ne. Kekensa yana wani ɗan lungu a ƙofar gida, inda ba mai ganinsa sai wanda ya san da shi. Wani abokinsa ya daɗe yana kiransa birni.

"Amarya, in aka gina rumfunan nan na samu ɗaya, ba inda za ni," ya ce mata wata rana yana sa wa keke mai. "In kuma ba a gina ba, gaskiya tafiya ta kama ni. Zare da allura ba sa cin iska."

"Za a gina, in Allah ya so," ta ce a hankali.

"Ai an gama. Baba ne shugaba, ƙetare kuma wa suke da shi? Goggo ce za ta ɗauki dutse da sandarta?"

Goggon Ƙetare ita ce shugabar ƙungiyar can, tsohuwa mai bakin magana, mai tafiya da sanda. Da Tela ya ambace ta, sai Amarya ta tuna abin da ta gani a ƙarshen damina.

A dokar asusun, dole shugabanni su taka da ƙafarsu su duba wurin aikin juna. Ranar da aka zo duba wurin gada, Amarya ta kai wa Baba abinci gona, ta tsaya nesa a gindin bishiya. Ruwa bai gama janyewa ba. Ta ga Goggo ta shigo rafin, zanenta na fita a naɗe a kai, ruwa har ƙirji. A tsakiya ƙafarta ta zame, ta nutse ta taso, sandar ta kuɓuce. Mutane biyu suka faɗa suka jawo ta.

Ta fito tana rawar sanyi tana dariya. "Ku yi haƙuri, na tsaya wanka ne a hanya."

"Kin makara," abin da Baba ya ce ke nan.

Kowa ya ji wannan. Amma Amarya ta ga abin da ba kowa ya gani ba. Yayin da ake ta surutu da Anti Mai Babur, Baba ya juya yana bin sandar nan da ido, ruwa yana juya ta yana tafiya da ita, har ta sha kwana ta ɓace. Bayan ta ɓace ma bai daina kallon wurin ba.

Rani ya shigo. Matasan tudu suka yi gayya, nan da nan tulinsu ya rufe jan fenti. Baba da kansa ya tsaya a kansu yana tsawa har aka gama. A ƙetare kuwa, tsofaffi da mata suna kawo 'yan ƙananan duwatsu a kwano, tulin ko gwiwar sanda bai kai ba.

Sai kuma ya fara tashi. Ba da ƙananan duwatsu ba, da manya, fasassu, irin na harsashi. Yau a wuce a ga ya ƙaru, jibi a ga ya sake ƙaruwa, ba kuma wanda ya ga mai kawowa.

A lokacin ne Amarya ta fara lura da jaki.

Kullum da hantsi Baba yakan loda taki a amalanke ya kai gona, kamar yadda manoma ke yi da rani. Busasshen taki ba nauyi gare shi ba, da can jakin har sassarfa yake yi. Yanzu kuwa sai ya turje a ƙofar gida, ya miƙa wuya, tayoyin suna nutsewa a rairayi. Kuma Baba, da ba ya tafiya sai a zaune a kan kaya, ya koma bin amalanken a ƙasa yana turawa da kafaɗa.

Ta lura kuma ya jingine karan dawa a jikin tulin duwatsun bayan gida, ya rufe shi ruf, wai kada rana ta ci karan a gona. Ta lura rigarsa da take wankewa ta fara cinyewa a kafaɗar dama.

Sai ranar da ta fito da ruwan 'yan tsaki ta tarar babu dutsenta. Shatinsa kawai ya rage a ƙasa, da tururuwa suna kai da kawo. Ta ɗaga karan kaɗan ta leƙa. Tulin da ya fi ta tsawo ya koma iya ƙugunta.

Washegari ne ta ji tambayar matar mai faci a bakin famfo.

Ranar ba ta jira lokacin da ta saba ba. Rana na tsaka, lokacin da kowa ya shige inuwa, ko kare ba ya yawo, ta ɗauki kwanon abinci ta nufi gona.

Babu kowa a gonar. Takin yana zube a gefe. Ta bi sawun taya har bakin gaɓa ta leƙa ƙasa.

Amalanken yana tsakiyar busasshen rafi, jakin yana tsaye yana haki. Baba kuma, dattijon da furfura ta gama cinye masa gemu, ya ninka buhu a kafaɗa, ya ɗora dutse a kai, yana hawa gaɓar ƙetare. Taku ɗaya, ya tsaya. Taku ɗaya, ya tsaya. Ya kai, ya ajiye a hankali don kada ya yi ƙara, ya gyara masa zama kamar mai kwantar da jariri, ya sauko ya ɗauki wani.

Amarya ta tsaya kamar an dasa ta. Mutumin da take jin tsoron ko tari ya yi, mutumin da ya ce wa tsohuwa ta makara, shi ne wannan.

Murfin kwanon ya zame ya yi ƙara. Baba ya ɗago.

Sannan ya hauro, ya zauna a bakin gaɓa yana share gumi da hularsa. Ta durƙusa nesa kaɗan ta ajiye abincin.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yau kin zo da wuri."

Tun da ta zo gidan ba ta taɓa haɗa jimla biyu a gabansa ba. Amma yau maganar ta fi ƙarfinta.

"Baba... in nasu ya cika, gada za a yi."

"Haka ne."

"Shi kuma ya ce in ba a yi rumfa ba, tafiya zai yi."

"Na sani. Ni na haife shi."

"To ai kai ne shugabanmu, Baba."

Ya dube ta, karo na farko da ya dube ta sosai.

"'Yata, jama'ata sun ba ni amana, na tsaya musu har tulinsu ya cika. Ranar ɗaga hannu, rumfa zan ɗaga wa, don hannun nan nasu ne. Amma duwatsun nan nawa ne. Ban ɗauki na kowa ba."

Ya kalli rafin.

"Abin da ya hana ni sakat shi ne, mun zauna muna jiran tsofaffi su kasa don mu samu. In rumfa ta ci gada a gaban shugabanni, na yarda. Amma a ce mun ci ne don ba su da 'ya'yan da za su ɗaukar musu dutse, wannan ba zan iya zama a inuwarta ba."

Ya jawo kwanon ya buɗe.

"Ba zan ce ki yi shiru ba. Mijinki ne, kina da hakki. In kin faɗa masa, gobe matasa za su tare hanyar nan, magana ta ƙare. Ki yi abin da kika ga ya dace." Ya ɗan tsaya. "Kajinki kuma ki yi haƙuri. Sai da na kawo dutsensu nan na ga ramin."

A hanyar komawa ba ta san inda take jefa ƙafa ba.

Da yamma ta tarar da Tela a kan keke, yana taka shi kamar da shi suke faɗa.

"Kin ji abin da ake ciki? An ce saura kaɗan nasu ya kai. Wallahi da zan san munafukin da yake mana wannan aikin, da sai gari ya yi masa kaɗan."

Ta tsaya a bayansa tana murza bakin mayafi. Kalma uku kawai za ta faɗa, mijinta ya zauna a gida. Ta buɗe baki. Sai ta ga kafaɗar nan da buhu a kai, taku ɗaya, a tsaya. Ta ga sandar Goggo ruwa yana juya ta.

"Mene ne?" ya ce ba tare da ya juyo ba.

"In kawo maka ruwa ne?"

"Kawo."

Ta shiga ɗaki ta yi kuka mara sauti, sannan ta wanke fuska ta kai masa ruwan.

Ranar da Anti Mai Babur ta dawo, gari ya fito. A tudu ta duba sanda ta ce ya yi. Aka ɗunguma ƙetare. Tulin ya rufe jan fenti har da ɗori.

Mai faci ya tsallako gaba. "Anti, a yi gaskiya. Waɗannan duwatsun ba su suka tara ba. Ki dubi girmansu, ki dubi Goggo."

"Ka dube ni da kyau, ɗan nan," in ji Goggo. "Lokacin da nake ɗaukar irinsu, uwarka ma goyo ce."

Aka yi dariya. Sannan ta juya ga jami'ar, muryarta ta sauka.

"'Yar nan, ba zan yi miki ƙarya ba. Ƙananan namu ne. Manyan, mu ma wayar gari muke yi mu gani. Na sa an yi gadi da asuba, an yi da almuru, ba mu kama kowa ba."

Jami'ar ta yi tambaya ko akwai wanda aka sace wa dutse. Babu. Ko akwai wanda aka saya a wurinsa da kuɗin asusu. Babu.

"To doka ta ce jama'a su kawo," ta ce. "Ba ta ce daga hannun wa ba. Ya cika."

Shugabannin ƙungiyoyi suka zauna a ajin makaranta, jama'a suna leƙe ta taga. Da aka kira rumfa, Baba ya ɗaga hannu sama sosai, fuskar nan a murtuke. Da aka kira gada, hannuwa suka tashi kamar dawa a gona.

Da ya fito, mutanen tudu suka kewaye shi suna ba shi haƙuri. "Sannu, Shugaba. Ka yi iya ƙoƙarinka, Allah ne bai nufa ba." Ya gyaɗa kai kawai. Amarya tana daga gefe cikin mata, ta ga yadda yake kare kafaɗar dama kada wani ya dafa ta.

Kafin a gama zuba ginshiƙan gada, Tela ya ɗaure kekensa a bayan mota. Ya ce da ya samu ɗaki zai aiko a ɗauke ta. Ta tsaya a ƙofar gida har ƙurar motar ta kwanta. Lungun da keken yake ya zama fili, sai guntayen ƙyalle da ɗigon mai a ƙasa.

Kada ku ɗauka abin ya zo mata da sauƙi. Akwai ranakun da takan kai wa Baba abinci ta ajiye ba ta ce sannu ba. Akwai ranakun da takan ce a ranta, ni na kori mijina da bakina da na rufe. Waya takan yi ƙara, Tela ya ce mata ɗakin bai samu ba tukuna, a shago suke kwana su da yawa. Ta ce masa Allah ya kawo sauƙi, ta kashe, ta zauna ta zuba wa bango ido.

Damina ta sauka. Wata rana da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ɗakin Inna ya fara zuba. Amarya ta shiga tana jera kwanoni da bokitai, tana ja da katifa gefe. Bango ya jiƙe har rabi. Inna tana zaune a kan kujera ta naɗe gwiwoyinta da tsumma.

Amarya ta kasa daurewa. "Inna, da an gina miki ɗakin nan, da duk ba a yi wannan ba."

Inna ta dube ta ta gefen ido, ta yi wani ɗan murmushi.

"Ke ma jakin ne ya tona miki?"

Amarya ta dire bokitin ta juyo.

"Zauna, 'yata. Ranar da ya dawo daga duba rafi, ko abinci bai taɓa ba. Ya yi kwanaki yana zagaya tulin nan kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ba zai iya tambayata ba, don ya yi alkawari. Ni na gaji na ce masa, Malam, ni gwiwa ce ke min ciwo, ita Goggo ruwa ne zai tafi da ita. Kwashe ka kai."

"Amma Inna, kullum kina tsokanarsa da ɗakin."

"To in na daina ai sai a gane. Kuma me zan riƙa yi masa in ba wannan ba?"

Ta miƙa hannu ta riƙe na Amarya. "Na san abin da ya ci miki. Ɗana ne, ni ma ina kewarsa. Matso min da kwanon can, ga wani ɗigon ya ɓullo."

A daminar nan ba wanda ya yi iyo don zuwa ɗakin shan magani. Yaran ƙetare suka yi ta ratsa gada da jakunkunansu, ruwa yana ruri a ƙasa, su suna tsere a sama.

Da shekara ta zagayo, asusu ya sake buɗewa. Anti Mai Babur ta sake kafa sanda a filin kasuwa. Amma tudu ta mutu a tsaye. Tun bara, cikin fushi, kowa ya kwashe nasa dutsen ya gyara katangarsa. Matasan da suka yi gayyar, rabi sun bi Tela birni. Baba ya kira taro, kujeru suka fi mutane yawa. Shi kuma ba shi da ko tsakuwa a bayan gida.

Lokaci yana ta matsowa, sandar tana tsaye tsirara, jan fentin yana kallon kowa.

Wata safiya Amarya tana bakin famfo sai ta ji hayaniya daga wajen rafi. Mata suka ajiye bokitai suka juya.

Mutane ne a kan gada, layi guda, ba a ganin ƙarshensa. Tsofaffi da kwanoni a kai. Mata da goyo a baya da daro cike da yashi. Amalanke, baro, har da kekuna an ɗaure musu buhuna. A gaba Goggon Ƙetare, da sabuwar sanda a hannu, da dutse ɗan madaidaici a kanta.

Suka wuce famfo, suka shiga filin kasuwa, suka fara zubewa a gindin sandar.

Baba ya iso da sauri, mutanen tudu a bayansa. "Goggo, mene ne haka?"

"Ba ka gani ne, Murtuk? Ko sai na sa maka tabarau?" Ta sauke dutsenta ta dafa ƙugu. "Ƙungiyarmu ta zauna. Mun yi shekara muna neman wanda ya yi mana alheri, ba mu same shi ba. Abu ɗaya muka sani, ba daga cikinmu yake ba, don mun san ƙarfin junanmu. To tun da ba mu san wanda za mu gode wa ba, mun yanke mu gode wa kowa. Bana ba mu kawo aiki ba. Hannunmu na rumfa ne."

Mai faci, wanda ya ce a yi gaskiya bara, ya sunkuyar da kai. Can sai ya cire rigarsa ya karɓi daro daga kan wata tsohuwa. Wani ya bi shi, wani ya bi. Kafin azahar tudu da ƙetare sun cakuɗe, ba ka gane wane ne wane, kowa fari fat da ƙura.

"Kin makara dai," Baba ya ce wa Goggo, murya ƙasa-ƙasa.

"Wannan karon a bushe na zo," ta ce.

Amarya ta rantse ta ga gefen bakinsa ya motsa. Haƙori dai bai fito ba.

Aka gina rumfuna. Tela ya dawo da kekensa, ya rame amma yana dariya, aka ba shi ta bakin hanya, inda duk mai fitowa daga gada sai ya wuce ta gabansa. Da ya zaga bayan gida ya ga fili, ya tambayi ina duwatsun ɗakin Inna.

"Na ce a kwashe min su," in ji Inna. "Kunamu suke tara min."

Bai ja zancen ba, hankalinsa yana kan rumfa. Ya dai ce in aiki ya kankama shi zai gina mata na bulo. Inna ta ce to ya hanzarta, haƙoran saura kaɗan.

Wata rana bayan an ɗauke ruwa, ya ce Amarya ta raka shi ƙetare kai ɗinkin 'yan makaranta. A tsakiyar gada ya tsaya gyara ƙullin kayan. Ita kuma ta dafa ƙarfe ta leƙa.

A saman bangon da ke riƙe da gaɓa, inda magina suka jera manyan duwatsu, ta gan shi. Faffaɗan dutsen nan, an kwantar da shi ramin yana kallon sama. Ruwan sama ya taru a ciki, wasu 'yan tsuntsaye guda biyu suna sha, suna ɗaga kai.

Ta kasa ɗauke ido.

"Kin san wani abu?" in ji Tela, yana kallon ruwan da ke wucewa a ƙarƙashinsu. "Har yau ina tunanin mutumin nan. Na zage shi, Allah ya yafe min. Wai wane ne shi? Ke da ba kya magana sai kallo, ba ki taɓa jin komai ba?"

Yanzu babu abin tsoro. In ta faɗa, gobe gari zai cika ƙofar gidansu, a ɗaga Baba sama, ƙila har a gina wa Inna ɗaki. Amma ta tuna maganar Goggo. Muddin ba a san shi ba, mutumin ƙetare yana ganin kowane ɗan tudu ya ce a ransa, ƙila wannan ne. Ɗan tudu kuma yana duban maƙwabcinsa da wannan zaton. In ta buɗe baki, godiyar da ta game gari za ta koma kan mutum ɗaya, wanda ba ya ma son ta.

Ta gyara mayafinta.

"Mu je, kada yaran su gaji da jira," ta ce.

Ta ɗauki ƙulli ɗaya ta wuce gaba, ta bar maganar a inda Baba ya ajiye ta. Ta ƙudura a ranta ko Tela ba za ta gaya wa ba, ko 'ya'yan da za ta haifa.

Darasi: Idan tallafi ya zo wa al'umma, kada rabonka ya zama jiran ɗan'uwanka ya kasa. Ka riƙe amanar waɗanda suka zaɓe ka, amma abin da yake naka ka kai shi inda buƙata ta fi tsanani, ko da zai ci maka wani abu. Alherin da aka ɓoye mai shi ba ya ɓata, yakan dawo ya game kowa. Ku tura wannan ga shugabannin ƙungiyoyinku da 'yan kwamitin unguwarku, wataƙila a cikinsu akwai mai tulin duwatsu a bayan gida.